Fitilar Baya Haƙƙin Na Baya Ce

 Maganar yau a kan wani abu ne ƙarami wanda bai kai ƙwan zabo girma ba, amma kuwa rayukan mutane suna rataye gare shi kowane dare a hanyoyin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, watau ƙwan fitilar da ke bayan babur, wadda direbobi ke kira danja, da 'yan'uwansa huɗu na gefe waɗanda ake kira sigina.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin da ya taso daga Kano, ya bi ta Dambatta, ya ratsa Kazaure, ya nufi Daura, tsakanin magariba da lisha ran da kasuwa ta ci, ya ga abin da ake nufi. Babura na tafe a jere, wani da buhu biyu na gero, wani da akuya ɗaure cikin kwando, wani da mace da goyonta, ga kuma yaro a kan tanki. Ta gaba kowannensu yana da hasken da zai kashe wa mutum ido, ga ham mai ƙarar gaske. Amma da zarar sun gifta, in mutum ya bi su da kallo, sai ya ga duhu ya haɗiye da yawa daga cikinsu ɗungum, babu ja babu rawaya, kamar an jefa tsakuwa cikin rijiya. Direban babbar motar da ke biye ba shi da labarin akwai mai rai a gabansa sai fitilarsa ta faɗa kan bayan rigar mutum, sa'an nan kuwa sau da yawa wurin tsayawa ya riga ya ƙure.

Fitilar gaba ta mai babur ce, domin da ita yake ganin rami da dabba, shi ya sa ba ya kwana da ita a mace. Fitilar baya kuwa ko ganinta ba ya yi, an yi ta ne domin ta yi magana da wanda ke biye da shi. Jan haske mai sauƙi yana cewa ga mutum nan a gabanka. Jan haske mai ƙarfi yana cewa mutumin nan ya taka birki. Rawaya mai ƙiftawa yana cewa zai karkata dama ko hagu. Kalmomi uku ke nan, babur kuwa ba shi da waɗansu bayansu, in ya rasa su ya zama bebe a tsakiyar kasuwa. Saboda haka abin da ya kamata shi ne a mayar wa kowane tsohon babur da harshensa, kuma hanyar da ta fi sauƙi da ƙarko a yau ita ce a cire masa tsofaffin ƙwayaye masu zare a sa masa sababbi marasa zare, bisa sharaɗin a yi aikin a kan ƙa'ida, don faɗar gaskiya ga na baya, ba don ado ba.

Kafin a shiga bayanin wannan, ya kamata a tuna matsayin babur a ƙasar nan. A da, zamanin Vespa da Honda Benly, babur abin hawan malamin makaranta ne da ma'aikacin En'e da ɗan attajiri, in ya shigo ƙauye yara su bi shi da gudu. Daga baya Jincheng ya zo daga ƙasar Sin, Boxer na kamfanin Bajaj ya zo daga Indiya, sai babur ya gaji jaki a wajen aiki. Shi ke kai mai naƙuda asibiti daga Amaryawa, shi ke fitar da kayan lambu daga bakin madatsar ruwan Kazaure, shi ke kai ɗan koli kasuwa daga Kanya Babba. Masu barkwanci ma sukan ce garin Babura ya ci sunansa. A watan Janairu na 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni, babura masu yawa suka fita zuwa ƙauyuka da jihohin maƙwabta. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tsada, sabon babur kuma ya fi ƙarfin talaka. Ma'anar wannan ita ce tsofaffin babura za su daɗe a kan hanya, mutum ya hau, ɗansa ya gada. Tun da yake ba za a rabu da su ba, sai a gyara su yadda ba za su zama tarkon mutuwa ba.

To, me ya sa danja da sigina su ne farkon mutuwa a jikin tsohon babur? Ba sakaci kaɗai ba ne, akwai dalilai uku a cikin ƙirar abin.

Dalili na farko, tsohon ƙwai yana ba da haske ne ta hanyar ƙona wani zaren ƙarfe siriri da ke cikin gilashi, wanda ake yi da wani ƙarfe mai jimirin zafi da ake kira tangistin. Wuta na bi ta cikin zaren har zafinsa ya haura digiri 2,000, sa'an nan ya yi fari ya haskaka. Ƙarfe kuwa in ya yi irin wannan zafi yakan yi laushi, kowane maƙeri ya san haka. Sai a ɗora wannan zare mai laushi a wutsiyar babur mai jijjiga, a bi da shi gargadar hanyar burji da duwatsun ƙasar Roni. Ba a daɗewa yake tsinkewa. Mai babur ya saya sau ɗaya, sau biyu, sau uku, daga nan ya gaji ya bari.

Dalili na biyu, tsohon ƙwai mai ci ne ƙwarai. Abin da ke zama haske daga cikin wutar da yake sha bai kai ushiri ba, sauran duk zafi ne da ke bin iska. Ana auna cin fitila da wani ma'auni da ake kira wat. Ƙwan danja na yawancin babura yana da zare biyu, ƙaramin yana cin wat 5 don hasken dare, babban yana cin wat 21 don birki, ƙwan sigina kuwa kowane ɗaya yakan ci wat 10. A ƙaddara mutum ya iso mararrabar da zai bar kwalta ya shiga hanyar garinsu. Ya taka birki, wat 21 ke nan. Ya sa sigina, gaba da baya, wat 20 ke nan. Jimla wat 41, ban da danjar dare. Duk wannan kuwa a daidai lokacin da ya saki totur, inji ya yi sanyi, wutar da kwayil ke bayarwa ta ragu. In batir ya tsufa ba zai iya cike giɓin ba, sai fitilun su yi dishi-dishi kamar garwashin da toka ta rufe, sigina ta tsaya cik ba ta ƙiftawa. Ashe ke nan fitilar tana gazawa ne a daidai wurin da aka yi ta dominsa.

Dalili na uku, babur mai tashi da kik ba ya bukatar batir kafin ya kama, kuma a yawancin ƙananan babura fitilar gaba daga inji take shan wuta kai tsaye. Saboda haka batir na iya mutuwa shekara guda mai babur bai damu ba, tun da yake yana tashi, yana gani. Abin da ya mutu tare da batir ɗin shi ne rabon na baya.

Yanzu sai bayanin sabon ƙwai. Turawa suna taƙaita sunansa da haruffa uku, LED, kuma ba baƙo ba ne ga kowa. Shi ne ke cikin tocilan nan ta caji wadda ta kori aci-balbal da fitilar kananzir daga zaurukan karatu, shi ne ke bayan wayar hannu. Ba shi da zare, ba shi da abin da ake ƙonawa. A cikinsa akwai wani ɗan ƙanƙanen abu da aka sarrafa, wanda bai kai ƙwayar gero ba, in wuta ta ratsa shi sai ya ba da haske nan take. Wani masani mai suna Nick Holonyak ya fitar da mai jan haske a kamfanin General Electric na Amurka cikin 1962. Aka daɗe ba a sami mai shuɗin haske mai ƙarfi ba, sai a farkon shekarun 1990 waɗansu masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka gano hanyarsa, har aka ba su kyautar Nobel a kan haka cikin 2014. Daga shuɗin nan ne aka sami farin, ta hanyar shafa masa wani sinadari mai ba da rawaya. A riƙe wannan magana, za ta yi amfani nan gaba.

Amfanin wannan ƙwai ga tsohon babur ya zo daidai da cutarsa. Tun da ba shi da zare, gargada ba ta da abin tsinkewa. Tun da ba ya ɓata wuta wajen yin zafi mai yawa, wanda zai maye gurbin mai wat 21 galibi ba ya wuce wat 3 ko 4, saboda haka batir matsakaici yana iya ɗaukar birki da sigina gaba ɗaya ko da inji na tafiya a hankali. Akwai kuma amfani na uku wanda ido ba ya lura da shi. Tsohon ƙwai sai zarensa ya yi zafi kafin haskensa ya cika, wannan kuwa yakan ci wajen humusin sakan, watau kashi 1 cikin 5. Sabon ƙwai ba ya jira. Mai karatu na iya cewa humusin sakan ai ba kome ba ne. To, a yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 cikin sa'a tana cin mita 22 cikin kowane sakan, humusin wannan ya haura mita 4, watau tsawon babur biyu. Wannan tazara ita ce tsakanin direban da ya tsaya yana faɗa da direban da ya tsaya yana salati.

Amma fa ba a cire tsoho a cusa sabo a ce an gama. Mutane da yawa sun yi haka, abin ya ƙi, suka ce sabon ƙwai ƙarya ne, alhali kuwa sharuɗɗansa ne ba a cika ba. Ga su nan a jere domin mai babur ya san abin da zai tambayi mai gyara.

Sharaɗi na farko, a san ƙarfin wutar babur. Tsofaffi ƙwarai, irin su waɗansu Honda da Vespa na da, wutarsu bolt 6 ce, na baya-bayan nan kuwa bolt 12. Ƙwan da aka yi don 12 ba zai yi haske a kan 6 ba, wanda aka yi don 6 kuwa zai ƙone a kan 12.

Sharaɗi na biyu, batir ya zama mai rai, kuma abin da ke daidaita wutar inji kafin ta shiga batir ya zama lafiyayye. Wutar da ke fitowa daga kwayil kai tsaye tana kai da komowa, tana hawa da sauka gwargwadon totur. Tsohon ƙwai yana jure wannan, sabo kuwa yana son wuta mai bin hanya ɗaya, mai natsuwa. In aka ɗora shi a kan babur maras batir, sai ya yi ta rawa, daga baya ya ƙone. Ba a gina ɗaki a kan rairayi a ce laifin azara ne.

Sharaɗi na uku, sabon ƙwai yana da kai da gindi a wajen shan wuta. In aka juya masa waya ba ya kamawa, sai a mayar da ita daidai. Kada a yar da shi a ce matacce ne kafin a gwada juyawa.

Sharaɗi na huɗu, shi ne wanda ya fi rikita mutane, watau filasha, ɗan akwatin da ke sa sigina ƙiftawa. Tsohuwar filasha tana da wani ɗan falle na ƙarfe a ciki, wutar da ƙwayaye ke ja ita ke ɗumama shi ya lanƙwashe ya yanke wuta, ya huce ya koma ya haɗa, haka yake yi ta yi. Sabon ƙwai ba ya jan wutar da za ta ɗumama shi, saboda haka sigina takan kama ta tsaya ba ƙiftawa, a waɗansu baburan kuwa ta yi ta ƙiftawa da sauri kamar idon mai tsoro. Ƙa'idar da ƙasashe suka yarda da ita ita ce ƙiftawa 60 zuwa 120 cikin minti ɗaya. Maganin abin shi ne a sayi filashar da aka yi don sabon ƙwai, wadda ba ruwanta da yawan wutar da ake ja. Waɗansu masu gyara sukan ɗaura wani ɗan ƙarfe mai shan wuta a gefen ƙwan don su ruɗi tsohuwar filasha. Yana aiki, amma ya mayar da cin wutar inda yake, ga shi yana zafin da zai narkar da roba. Kamar mutum ne ya sayi jaki maras ci, sa'an nan ya riƙa zubar da sauran dusar a bola kullum.

Sharaɗi na biyar, babur mai ɗan ƙwai guda a kan mita wanda ke nuna an sa sigina, ko dama ko hagu, wuta takan silale ta cikin wannan ƙwai ta kunna duka huɗun gaba ɗaya, domin kaɗan ta ishi sabon ƙwai. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan sa waɗansu 'yan ƙananan abubuwa biyu masu barin wuta ta wuce gaba su hana ta komowa, sai abin ya daidaita.

Sharaɗi na shida, launi. Murfin danja ja ne, kuma jan murfi ba ya barin kome ya wuce sai jan haske. An riga an faɗi cewa farin sabon ƙwai haɗin shuɗi ne da rawaya, jan da ke cikinsa kaɗan ne. In aka sa shi bayan jan murfi sai hasken ya fito a kwaɓe, maras ƙarfi. Saboda haka ja a bayan ja, rawaya a bayan rawaya.

Sharaɗi na bakwai, a duba maɓallan birki biyu, na hannu da na ƙafa, da wayar da ke komawa jikin ƙarfen babur, a kankare tsatsa, a rufe inda ruwan damina ke shiga, a musanya murfin da ya fashe. Ƙwai mafi tsada ba ya kamawa in maɓallin da zai ba shi umurni ya mutu.

Bayan an gama, akwai gwajin da ba ya bukatar kuɗi. A tsayar da babur, a aiki yaro ya yi taku 50 a baya, a kunna danja, sa'an nan a taka birki. In yaron bai ga bambanci bayyananne tsakanin hasken nan biyu ba, ƙwan nan ba shi da amfani kome haskensa, domin na baya ba zai san an tsaya ba. A yi gwajin da tsakar rana, a sake yi da dare, a kuma sa yaron ya koma gefe ya duba, domin sabon ƙwai maras kyau yakan harba haskensa wuri ɗaya kamar tocila, wanda ke ɗan karkace ba ya ganin kome.

Daga nan sai a zo kan ɓarnar da ta shigo tare da wannan alheri. Tun da sabon ƙwai ya yi araha, kuma ana samunsa kowane launi, sai samari suka mai da shi kwalliya. Ana ganin babur da shuɗi a baya, kore a ƙarƙashi, fari mai walƙiya a wurin danja, duk suna rawa ba tsayawa kamar gidan biki. Wannan ya fi duhu muni. Babur maras fitila shiru ya yi, wannan kuwa ƙarya yake faɗi. Farin haske a baya yana sa direba ya zaci wani ne ke tahowa, sai ya kauce inda bai kamata ba. Danja mai ƙiftawa kullum ta hana a gane sa'ad da aka taka birki. Launukan nan ba zaɓin mai babur ba ne, yare ne da duniya ta haɗu a kansa. Yarjejeniyar hanyoyi da aka ƙulla a birnin Biyana cikin 1968, wadda Nijeriya da Nijar duka suka shiga, ta tsayar da ja ga baya da birki, rawaya ga karkata, domin direban da ya taso daga Damagaram ya fahimci mai babur ɗin Gwiwa ba tare da tafinta ba. Wanda ya canza launi ya canza ma'anar kalma shi kaɗai. Garin neman gira ake rasa ido, kuma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Akwai masu musu, kuma ya kamata a saurare su. Wani zai ce hannu ya isa, haka aka saba tun zamanin keke. To, hannun dama yana kan totur da birki, ba a sakinsa. Hannun hagu kuwa wa ke ganinsa cikin duhu, ko cikin hazon hunturu sa'ad da mutum ba ya hangen bishiyar da ke gabansa? Tun daga ran 2 ga Afrilu 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, mai karkata hagu sai ya tsaya a tsakiyar titi ya jira masu tahowa su wuce, ga masu binsa suna shirin wuce shi ta wannan gefen. Babu wurin da ya fi wannan hatsari ga mai babur, ba kuwa abin da ke tsare shi a nan sai ƙwai biyu, ja da rawaya.

Wani zai ce babu kuɗi. Gaskiya ne zamani ya yi tsanani. Amma a dubi abin da ake kashewa a kan rigar kujera da madubin ado da ham mai kukan mota da rubutun kirari a madigadi. Ƙwayaye biyar da filasha ɗaya ba su kai kuɗin taya guda ba, balle kuɗin ɗori da jinyar wata uku, balle asarar jarin da ya watse a kan kwalta. Bafatake ya fi kowa sanin cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wani zai ce ya saya ya ƙone cikin mako. Wannan ma gaskiya ne, ko dai sharuɗɗan da aka ambata ba su cika ba, ko kuwa jabu aka sayar masa. Sabon ƙwai yana da abokin gaba ɗaya, shi ne zafin da ke taruwa a gindinsa, mai kyau yana da jikin ƙarfe mai kwashe zafin, maras kyau kuwa roba ce zalla, ba ya nauyi a hannu. Araha ba ta ado.

Wani kuma zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Malamai ba sa bukatar a tuna musu cewa riƙon sababi ba ya warware dogaro, ga shi kuwa mai faɗin haka yana kulle shagonsa da dare, yana ɗaure akuyarsa. Ko da a ce mutum ya yarda ya sayar da ransa da araha, ai ba shi kaɗai ne a kan babur ba. Akwai matar da ya ɗauko, akwai yaron da ke kan tanki, akwai almajiran da ke tafe a gefen titi waɗanda mota za ta kwasa garin kauce masa, akwai kuma direban da zai ƙare kwanakinsa da nauyin rai a wuyansa, alhali ba a ba shi ko alama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa hatsarin hanya yana kashe mutum miliyan 1.19 kowace shekara, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Ba duka ne fitila za ta hana ba, amma wanda za ta hana, me ya sa za a bar shi?

To, a wuyan wa aikin yake? Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, tana da doka a kan fitilu, amma ma'aikatanta ba za su tsaya a kowace mararraba tsakanin Roni da Gwiwa da tsakar dare ba. Aikin na mutanen gari ne. 'Yan kasuwa masu saro kayan babur daga Kano su ne farko, domin abin da suka ajiye a kan tebur shi za a saya. Su zaɓo mai kyau, ja da rawaya, su haɗa da filashar da ta dace, su kuma faɗa wa mai saye gaskiyar bambancin mai tsada da mai araha. Wanda ya sayar da ƙwan birki yana sane ba ya nuna birki, bai bambanta da mai tauye mudu ba, sai dai shi abin da ya tauye ba hatsi ba ne. Makanikai da masu gyaran wuta su koyi aikin da kyau su koya wa yaransu, kuma kada babur ya bar rumfarsu sai an taka birki an leƙa baya. Shugabannin 'yan acaɓa, waɗanda ke yanka wa kowa takarda da safe, su ƙara duba danja da sigina kafin a shiga layi, wannan ba zai ci musu minti ɗaya ba. Attajiran da ke saya wa yara babur su kawo balas, su sani abin nasu ne, lafiyar fitilarsa tana cikin amanarsu. Masu unguwanni da dagatai su yi shela. Malamai kuwa, waɗanda maganarsu ke shiga inda ta ɗan sanda ba ta shiga, su sa wannan cikin abin da suke faɗa a kan haƙƙin hanya, su kuma fara da baburan da ke jingine a ƙofar makarantunsu.

Abin da ya rage shi ne al'ada guda, mai sauƙi. Yadda mai babur ke girgiza tanki kowace safiya ya ji ko da mai, haka ya kamata ya taka birki, ya miƙa tafin hannunsa bayan danja ya ga ko ja ya faɗo a kai, ya sa sigina dama da hagu, ya kuma goge ƙurar murfin da gefen tsumma, domin ƙurar hunturu ta kwana biyu tana iya rufe haske kome ƙarfinsa. Ba a fafe gora ran tafiya, ba a kuwa gano mutuwar danja a tsakiyar titin Daura bayan lisha.

Allah ya kiyaye matafiya, na gaba da na baya, ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya. Haza wassalam.